Birkin baya yana riƙewa bayan an taɓa mota: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu mota da yaran gareji suka fi yi mini idan an kawo motar da aka taɓa bayanta: an ƙara mata sifirin don lodi, an sauke ta ƙasa don gayu, an cire mata birkin ganga an sa na faifai, an ɗora mata tukunyar gas a but, ko an sa mata masta, wato famfon da ke tura man birki in an taka feda, ta wata mota. Golf 3 da Hilux zan fi kawo misali da su, don su hannuna ya fi sabawa da su, amma hanyar binciken ɗaya ce a kusan kowace mota mai birkin mai.

Ta yaya zan gane birkin baya ne ke riƙewa, ba wani abu ba?

Motar za ta riƙa yin nauyi kamar tana jan tirela, tana shan mai fiye da yadda ta saba, in ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi saurin rage gudu. A ɗan gangaren da take gangarawa da kanta a furi, yanzu sai ta tsaya cak. Wani lokaci hanci ne zai fara gaya maka, warin ƙauri daga gindin taya.

Gwajin da nake so shi ne wannan. Ka samu hanya mara cunkoso, ka yi tafiyar kilomita huɗu ko biyar ba ka taka birki ba, ka rage gudu da giya, ka bar ta ta tsaya da kanta. Sai ka zagaya tayoyin huɗu kana kusantar da bayan hannunka ga rim, kada ka taɓa faifai, yana cire fata. In kana da ƙaramar na'urar awon zafi mai haske, ita ta fi. Abin da ake nema shi ne bambanci: wace taya ta fi 'yar uwarta zafi, ɗaya ce ko biyu, kuma waɗanne biyun. Ka riƙe wannan amsar, rabin aikin tana cikinta.

Direbana ya ce baya na "kamawa". Riƙewa da kullewa ba abu ɗaya ba ne?

A'a, kuma nan ake yawan ɓarnar kuɗi. Riƙewa shi ne ka saki feda amma birkin bai saki taya ba. Kullewa shi ne da ka taka birki tayoyin baya su riga na gaba tsayawa, su yi ƙara a kan kwalta, bayan motar ya nemi juyowa, amma da ka ɗaga ƙafa komai ya saku. Na farko matsalar komawa ce, na biyu matsalar rabon ƙarfi ce tsakanin gaba da baya. Direbobi da kalma ɗaya suke kiran su duka. Don haka nakan tambaya: "Malam, lokacin da ƙafarka ke kan birki take yi, ko bayan ka ɗaga?" In kullewa ce, tsallaka zuwa tambayar ƙarin sifirin a ƙasa, inda na yi bayanin bawul ɗin lodi, mai raba wa birkin baya ƙarfi gwargwadon nauyin kaya.

To daga ina ake fara bincike?

Daga ƙaramar sifana ɗaya, kafin a sayi ko washa. Tambaya guda ake son amsawa: mai ne ya maƙale yake danne birkin, ko ƙarfe ne ya cije?

A sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗaga baya, a ɗora motar a kan abin tokare mai ƙarfi, kada kowa ya shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai. A sauke birkin hannu gaba ɗaya, giya a furi. Yaro ya shiga ya taka feda da ƙarfi sau biyar ko shida ya saki. Kai kuma ka juya tayar da hannu. In ta cije, ka sa sifana a kan nipil ɗin da ake cire iska, ka ɗan buɗe shi.

Idan mai ya yi tsartuwa kuma tayar ta saku nan take, to mai ne ya rasa hanyar komawa. Kalifar, wato ƙarfen da ke matse faifai, ba ta da laifi, a bar ta. Idan mai ya ɗiga kawai a hankali kuma tayar tana nan a cije, to matsalar a gindin tayar take: fistin da mai ke turawa a cikin kalifa, fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai, ko wayar birkin hannu.

Abu biyu ke ruɗa mutane a nan. A mota mai jan baya kamar Hilux, tayar baya tana juya aksul da difarenshiya, saboda haka dole ta ɗan yi nauyi ko birki lafiya lau. Sannan in ka ɗaga motar ta jikinta har aksul ya rataye, tsayin wayar birkin hannu da matsayin bawul ɗin lodi duk sun canza, abin da ka gani ba shi ne abin da ke faruwa a hanya ba. In da hali a tokare ƙarƙashin aksul ɗin, nauyin motar ya zauna a kan sifirin yadda yake zaune a titi.

Mai ya yi tsartuwa, taya ta saku. Sai me?

Sai a bi layin man daga taya zuwa masta, gaɓa bayan gaɓa, har a iske inda ya toshe. A rufe nipil, a sake taka feda har tayar ta cije, sai a kwance mahaɗar da ke tsakanin tiyon roba da bututun ƙarfe. Notin nan a Volkswagen lamba 11 ne, a Toyota lamba 10, kuma da sifanar bututu ake kama shi, in ba haka ba kansa ya murje. In an kwance nan tayar ba ta saku ba, alhali ta saku a nipil, tiyon ne. In ta saku, matsalar tana can gaba. A sake takawa, a kwance bututun da ke shiga bawul ɗin lodi, sannan wanda ke shiga akwatin ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, in akwai, sannan wanda ke fita daga masta. Abin da ya toshe yana tsakanin wurin ƙarshe da tayar ta saku da wurin farko da ta ƙi sakuwa. In ta saku har a bakin masta, to masta ce ko abin da ke tura ta.

A shimfiɗa tsumma, man birki yana cin fenti. Kuma duk inda aka buɗe, dole a cire iska bayan an gama.

Tiyon a ido lafiya ƙalau yake. Ta yaya zai zama shi ne?

Daga ciki yake lalacewa. Robar ciki takan kumbura ko ta ɓalle ta zama kamar ɗan harshe. In ka taka feda, ƙarfin ƙafarka da na busta, mai ƙara wa feda ƙarfi, ya isa ya tura mai ya wuce. Amma a dawowa ba abin da ke tura man sai 'yar robar da ke zagaye da fistin, wadda ke janye shi baya da abin da bai kai kaurin takarda biyu ba. Wannan ɗan ƙarfin ba ya iya buɗe toshewar.

A motar da aka ɗaga, tiyon asali ya kan yi gajarta, duk ramin da aka faɗa sai ya miƙe ya ja. Wasu kuma wajen ɗaura shi suke murɗe shi. Layin da ke jikin tiyo don haka aka zana shi, in ya nannaɗe kamar igiya an ɗaura ba daidai ba. Sai masu matse tiyo da filaya mai kullewa don kada mai ya zube lokacin aiki. Wannan ɗabi'a tana kashe tiyo. In ɗaya ya mutu a canza biyun.

Da safe lafiya lau, sai an yi tafiyar minti ashirin ta fara riƙewa, in ta huce ta saki. Mene ne wannan?

Kusan kullum wannan labarin masta ne. A cikin masta akwai ɗan rami ƙanƙane, kamar na bakin allura, wanda mai ke bi ya koma tanki idan feda ta dawo gaba ɗaya. In fistin ɗin masta bai koma ƙarshe ba, ko da milimita ɗaya ne, robarsa ta rufe ramin. Da sanyin safiya ba za ka ji komai ba. Ana fara tafiya mai ya ɗumama ya ƙara yawa, ba shi da mafita, sai ya ɗan danna birki. Birkin ya goga ya yi zafi, zafin ya ƙara kumbura man, man ya ƙara dannawa. Haka za su yi ta ingiza juna har motar ta tsaya a tsakiyar titi, feda ta yi tauri kamar dutse.

An taɓa kawo mini wata Golf 3 wagon ta haya da aka mayar da bayanta faifai. Kalifar hagu ta baya sau biyu ana canza ta, an canza fad, wato takalmin birkin faifai, an canza tiyo. Mai motar ya shigo ransa a ɓace, ya ce: "Oga, ni dai a mayar mini da gangata, na gaji." Na ce mu ɗan zaga tukuna. Da muka dawo na bi tayoyin: hagu ta baya zafi, dama ta gaba ita ma zafi, sauran biyun da sauƙi. Ba wanda ya taɓa duba ta gaban, don baya aka yi wa aiki. Motoci masu jan gaba irin Golf, layin birkinsu a giciye yake, hagu ta baya da dama ta gaba layi ɗaya suke sha daga masta. Na tambaye shi ko an taɓa masta. Ya ce e, an sa babba ta wata mota don birkin ya ƙara ci. Na ɗauki sifana 13 na sassauta notina biyu da ke riƙe masta a jikin busta, na ɗan janyo ta gaba. Yaron da ke riƙe da tayar baya ya ce, "Maigida, ta saki!" Sandar da ke fitowa daga busta ta yi wa sabuwar mastar tsawo, tana danne da fistin tun ba a taka komai ba.

Tsakanin kan sandar nan da fistin ana son ɗan sarari, kamar rabin milimita. In sandar mai daidaitawa ce a rage ta. In ba haka ba, a nemo mastar da ta dace da bustar. Cusa washa tsakanin masta da busta na gwaji ne kawai, ba a sallamar mota a haka.

Kafin ma a kai ga nan, a sa ƙafa ƙarƙashin feda a ɗago ta. In ta ɗago kuma taya ta saku, a duba makunnin fitilar birki, wani lokaci an murɗa shi ciki da yawa ya tokare fedar, ko sifirin ɗin feda ya mutu, ko kafet ya naɗe. A duba tankin mai, kada a cika shi maƙil har wuya, kuma ramin iskar murfinsa kada ya toshe. In duk wannan lafiya, a zare tiyon iska na busta injin yana aiki. Taya ta saku, busta ce ke taka birki da kanta.

An buɗe nipil tayar ba ta saku ba. Kalifar zan canza?

Tukuna. Fara da birkin hannu, don shi ya fi kowa laifi a baya. A kalifar baya irin ta Golf akwai ɗan hannu da waya ke ja, yana da wurin da yake komawa ya jingina. In an sauke birkin hannu, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce milimita ɗaya da rabi. Ka cire wayar daga jikinsa. In tayar ta saku, wayar ce: ko ta yi tsatsa a cikin rigarta, ko an ɗaure ta da yawa, ko rigar ta narke a jikin salansa. In hannun ya ƙi komawa sai ka ƙwanƙwasa shi, shi ne ya cije, kuma ruwan damina da ya shiga ta robar da ta yage ne sanadi.

Sai fil biyu da kalifa ke zamewa a kansu. Da yatsu biyu ya kamata su shiga su fita. Sai kunnuwan fad, in sai da guduma aka shigar da su, ba za su taɓa komawa da kansu ba. A kankare tsatsar da ke ƙarƙashin mazauninsu. Fistin shi ne na ƙarshe. Irin wannan fistin mai haɗe da birkin hannu murɗa shi ake yi ana dannawa a lokaci guda, ba a matse shi kai tsaye. Wanda ya sa masa ƙarfe ya danna da ƙarfin tsiya ya lalata zaren ciki, kuma daga ranar birkin ba zai ƙara sakin taya daidai ba.

Na cire ganga na sa faifai, tun ranar baya ke zafi. Me aka manta?

Yawanci an sayo kalifa da faifai an bar sauran kayan a kasuwa. A Golf 3 wayar birkin hannu ta ganga daban, ta faifai daban, sandar da boris ke zama a kai ma daban, bawul ɗin lodi kuma kowane iri da nasa. In za ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka neman kayan, ka sa a ciro maka komai daga mota ɗaya, har ƙarfen da kalifa ke ɗaure a kai. Faifan baya na GTI faɗinsa milimita 226 ne, kaurinsa 10. In aka haɗa faifan wata mota da ƙarfen wata, faifan ba zai zauna a tsakiya ba, fad ɗaya zai yi ta goga. Ka leƙa ta sama da tocila, sararin dama da na hagu su zama ɗaya. Kuma nipil ya kasance a sama. In yana ƙasa an musanya kalifar hagu da ta dama.

Akwai kuma wani ɗan bawul da tsofaffin motoci masu ganga ke da shi a bakin masta, irin su Beetle da tsohuwar Land Cruiser 40. Aikinsa ya bar ɗan matsi a layi, kamar psi 10 a ma'aunin matsi, don robobin silindar ganga su zauna daram. Ganga na da sifirin mai ƙarfi da ke rinjayar wannan matsin. Faifai ba shi da sifirin, don haka psi 10 ya isa ya sa fad ya manne har abada. Layin da aka mayar faifai sai an cire masa bawul ɗin. Golf 3 ba ta da shi a masta, kada a wahalar da kai ana nema.

An ƙara wa motata sifirin, ko an ɗaga ta, ko an sauke ta. Ina ruwan birki da wannan?

Ruwa da tsaki. Da yawa daga cikin motocin da ba su da ABS suna da bawul ɗin lodi kusa da aksul na baya. Jikinsa a ɗaure yake da gangar jikin mota, hannunsa kuma sifirin ko sanda ta haɗa shi da aksul. Da tazarar da ke tsakanin jiki da aksul yake gane nauyin kaya. Baya ya zauna ƙasa, sai ya ɗauka an yi lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Baya ya ɗaga, sai ya ɗauka ba kowa, ya rage. Bawul ɗin ba shi da ido, bai san an canza sifirin ba.

Saboda haka motar da aka sauke don gayu kullum a matsayin mai cikakken lodi take a wurinsa, ga ta kuwa fayau, sai baya ya riƙa kullewa. Hilux da aka ɗaga, ko Golf ta haya da aka sa wa sifirin mai tauri don buhuna, akasin haka ne: ko an danƙara mata kaya, bawul ɗin yana ganin ba komai, birkin baya ya yi rauni, na gaba ya yi ta cin wuta shi kaɗai. Daga nan direba ya koka, wani ya shiga ƙarƙashi ya ɗaure hannun bawul ɗin da waya a kan cikakken ƙarfi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ranar da aka sauke kaya aka dawo fayau, ga yayyafi a kan kwalta, taka birki ɗaya ya isa ya juya motar ta kalli inda ta fito.

Gyaran shi ne a mayar da hannun bawul matsayinsa na asali gwargwadon sabon tsayin motar. In an ɗaga Hilux da inci biyu, a ɗaga mazaunin sandar da ke kan aksul da inci biyu. Sannan a gwada a fili mai ƙasa, a ƙaramin gudu, mota ba kaya, wani ya tsaya gefe yana kallo: tayoyin gaba su riga na baya kullewa. Shi kansa bawul ɗin yakan yi tsatsa ya cije ya riƙe mai, musamman a motocin Beljiyam da suka sha gishirin titin Turai. In tayoyin baya biyu ne ke zafi, na gaba lafiya, ina fara zarginsa shi da birkin hannu.

Tun da aka sa mini tukunyar gas bayan ke ba ni matsala. Akwai alaƙa?

Tana yiwuwa. Tun bayan cire tallafin fetur a 2023 motocin da ake mayarwa gas suka yawaita, kuma tukunyar ƙarfe nauyinta ya kai na babban mutum zaune a but dare da rana. Wannan nauyin na gaske ne, don haka in bawul ya ƙara wa baya ƙarfi kaɗan bai yi laifi ba, sai dai in sifirin ɗin ya riga ya gaji motar ta durƙushe. Abin da na fi samu shi ne aikin hannu: an huda but an ɗaura belin tukunya, noti ya sauka a kan bututun birki ya lotsa shi, ko an ɗaure bututun gas tare da wayar birkin hannu an matse. A bi layin da tocila tun daga gaba har baya.

Rim kawai na canza. Shi ma zai iya?

Zai iya. Rim ɗin wata mota yakan taɓa bayan kalifa ya hana ta zamewa. Za ka ga inda ya goge ya yi sheƙi a cikin rim. Golf kuma da bolt ake ɗaure tayarta, kuma na rim ɗin alminiyom yakan fi tsawo. In aka sa dogon bolt a siririn rim na ƙarfe, sai ya zarce cikin ganga ya riƙa taɓa sifirin da takalmin birki. Alamar ita ce, ba taya ganga na juyawa sumul, ana ɗaure taya ta cije. Ɗaurin da yaro ke hawa kan sifana yana tsalle ma yana lanƙwasa ganga. Na Golf 3 mai bolt huɗu Nm 110 ne a sifana mai awon ɗauri, a ɗaure a giciye.

Tawa har yanzu ganga ce a baya. Me zan duba?

Sifirin da ke janye takalma, in ya sha zafi sau ɗaya ya saki jiki. Takalman da aka sake liƙa wa fata, sau da yawa fatar ta fi ta asali kauri. Wuraren da takalmi ke zamewa a jikin farantin baya sukan ci su yi rami, takalmin ya faɗa ciki ya ƙi komawa. Sai jiƙewa: man birki daga silinda, ko man aksul a Hilux idan sil ya mutu. Mutane na zaton takalmi mai maiƙo santsi zai yi, amma sau da yawa cafka yake yi, da ka taɓa feda ya fizge. Ba a wanke shi a mayar, canzawa ake yi.

In kuwa da damina ne motar ta kwana a jiƙe, da safe ta cafke sau ɗaya ko biyu sannan ta daina, tsatsar dare ce, ba ciwo ba ne.

Man birki na iya jawo wannan?

Sosai. Buɗe murfin tankin ka ciro robar da ke ƙarƙashinsa. In ta kumbura ta yi taushi kamar fanke har ta ƙi komawa mazauninta, an zuba abin da ba man birki ba, man sitiyari ko na giya ko na inji. Robobin birki ba sa shiri da duk wani mai da aka samo daga fetur. Yadda ta murfin ta kumbura haka na cikin masta da kalifa da tiyo suka kumbura, kuma kumburarriyar robar masta tana rufe ɗan ramin nan da na ambata. Wannan ba ya gyaruwa da zuba sabon mai, duk wata roba a layin sai an canza ta.

Haka wanke kayan kalifa da fetur ko kananzir, da shafa wa fil baƙin giris na boris. Da man birki mai tsabta ake wanke fistin da roba, fil kuma giris na silikon ake sa masa.

Man birki iri-iri ne: DOT 3 sabo yana tafasa a digiri 205 na Salshiyos, DOT 4 a 230, amma suna shan danshin iska, in sun tsufa sai su sauko wajen 140 da 155. Ruwan da suka sha shi ke sa fistin tsatsa daga ciki. Duk shekara biyu a canza. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da su, DOT 5.1 kuwa danginsu ne duk da kamar suna.

Birki ya saku, taya na juyawa, amma tsakiyar rim na zafi.

Duba boris. A Golf 3 boris ɗin baya a cikin ganga ko faifan yake, duk wanda ya cire faifai sai ya sake daidaita shi. Ba a ɗaure notinsa tam. Daidai shi ne washar da ke bayan notin ta iya ɗan motsawa in ka tura ta da bakin sukudireba ba tare da ka yi banƙara ba.

Motata na da ABS da birkin hannu na maɓalli. Duk wannan ya shafe ni?

Gwajin nipil da bin layi duk ɗaya ne. Bambancin shi ne yawancin irin waɗannan motoci ba su da bawul ɗin lodi, kwamfuta ke raba ƙarfin ta akwatin ABS, kuma datti na iya maƙale bawul ɗaya a ciki ya riƙe taya ɗaya. In taya ta saku a bututun da ke fita daga akwatin amma ta ƙi sakuwa a wanda ke shiga, shi ne. Birkin hannu na maɓalli kuwa, kamar na Passat daga 2005, ƙaramar na'ura ce mai juyawa da lantarki a bayan kalifa. Sai an sa kwamfuta ta janye ta kafin a canza fad, a kuma mayar da ita bayan an gama.

In ta riƙe mini a hanya, nesa da gari, me zan yi?

Ka sauka gefe ka tsaya, kada ka ce bari in lallaɓa. Zafin na iya tafasa man birki feda ta tafi ƙasa ba komai, yana narkar da giris ɗin boris, yana iya tayar da wuta. Kada ka watsa wa faifai ko ganga ruwa, za su lanƙwashe ko su tsage. Kada kuma ka ja birkin hannu a kan ƙarfe mai zafi. Sa giya, ka sa dutse. Ka ba ta rabin awa.

In ta huce, ɗago feda da ƙafa, ka shiga ka tura hannun birkin hannu na jikin kalifa ya koma wurinsa. In har yanzu a cije take kuma kana da sifana, ɗan buɗe nipil mai ya yi tsartuwa ka rufe nan take, ka duba man tanki, ka taka feda ka tabbatar tana da tauri kafin ka motsa. Wannan zai kai ka gari mafi kusa a hankali, kana tsayawa kana duba zafin.

Za a samu mai ce maka a toshe layin tayar da ƙusa ko a naɗe bututun a daddake shi, a ci gaba da tafiya. Kada ka yarda, balle da fasinja a ciki. A mota mai layi a giciye, birkin da ya rage ba daidai yake ja ba, ranar da ka taka da ƙarfi gefe guda za ta fizge ka. In abin ya kai ga toshe layi, a nemo mai ja.